Asibitin da Ke Bakin Ƙofar Amurka

 Gaisuwa ga na ruga da na mashekari, da waɗanda ke bin burtali da garke a wannan lokaci. Gaisuwa ga fatake da 'yan kasuwar kan iyaka, na Illela da Ƙonni, na Jibiya da Maraɗi, na Maigatari, na Kamba da Gaya, har zuwa Gamboru.  

Yau zan ɗauke ku mu yi nisa, mu haye teku. Amma kada ku ce zancen bai shafe ku ba, domin inda za mu je bakin iyaka ne, kuma babu wanda ya san zafin bakin iyaka kamar ku. Kun san tsayuwa a layi da takarda a hannu, gaba na faɗuwa, kana jiran mutumin da bai san sunan ubanka ba ya ce wuce ko ya ce koma. To wurin da na je, mutum kimanin miliyan 12 ne suka yi irin wannan tsayuwa.

Sunan wurin Tsibirin Elis, a cikin ruwan da ke gaban birnin Niyu Yok. Wani ɗan'uwa ne ya kai ni, mutumin wajen Ƙonni, yana tuƙin tasi a unguwar Buronkis, inda za ka ji Hausar zangon Gana da ta Nijar a bakin masallaci kamar kana gida. Ya ce mini shekara goma sha yana garin, ya sha sauke baƙi a bakin jirgin da ke zuwa tsibirin, shi kuwa bai taɓa shiga ba. Na ce to yau sai mu shiga tare.

Daga ƙarshen Manhatan ake hawa jirgin fito. Zai fara tsayawa wajen dogon mutum-mutumin nan mai riƙe da fitila, wanda Faransa ta ba Amurka kyauta aka ƙaddamar a 1886, sannan ya ƙarasa Elis. Mafi yawan mutane babban gini suke nufa, wanda aka gyara aka mai da gidan tarihi a 1990. Mu kuwa ɗaya ɓangaren muka yi rajista, na kudu, inda tsohon asibiti yake. Gine-gine 29 ne, an rufe su an tafi, shekara da shekaru babu mai shiga sai tsuntsaye da ruwan sama. Sai a 2014 aka fara barin baƙi su shiga, shi ma da sharaɗi: sai da ja-gora, sai da hular kwano a kai, sai da rufaffen takalmi, ba a shiga da ƙananan yara. Wata ƙungiya mai suna Save Ellis Island ce ke kula da zagayen, minti 90 ake yi, kuɗin da baƙi suka biya kuma da shi ake tallafar ginin kada ya faɗi.

Kafin mu shiga ciki, bari in gaya muku abin da ya sa aka gina shi.

An buɗe tashar karɓar baƙi a tsibirin ranar 1 ga Janairu 1892. Talakawan Turai ne ke kwararowa, daga Italiya, daga Rasha, daga Folan, daga Girka, wasu yunwa ta koro su, wasu zalunci. A 1907 kaɗai fiye da mutum miliyan 1 suka bi ta nan. Ranar 17 ga Afrilu na wannan shekarar, mutum 11,747 aka tantance a yini ɗaya. Ku kwatanta da ranar kasuwa mafi cika da kuka taɓa gani.

Ga wani abin da ba zai ba ku mamaki ba. Masu kuɗi, waɗanda suka biya ɗakin sama a jirgi, ba a kawo su tsibirin. A cikin jirgi ake duba su sama-sama, su sauka su kama gabansu. Na ƙasan jirgi, masu ƙunshin kaya a kai, su ake kwasowa Elis. Ashe dai ko'ina mai babbar riga da mai taguwa ba ƙofa ɗaya suke bi ba.

Da an sauke su sai a sa su hau matakala zuwa babban zaure, likitoci na tsaye a sama suna kallo. Makiyaya, ku kun fi kowa gane wannan. In za ka sayi saniya a kara, ai ba ka tambayarta lafiyarta. Cewa kake a kora ta ka ga tafiyarta: tana ɗingishi, tana haki, kanta na sunkuye? Haka likitocin suke yi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi, ana cewa kamar 6, sun gama karanta mutum. Wanda suka yi shakka a kansa sai a zana masa harafi da alli a kan riga, kamar yadda ake shafa wa dabba fenti bayan ciniki. Harafin H na zuciya ne, L na gurgunta, E na ido, X na wanda ake zaton hankalinsa bai cika ba. Akwai masu wayo da kan goge allin, ko su juya rigar ciki waje, su saje da jama'a.

Wanda aka fi tsoro shi ne likitan ido. Yana riƙe da ɗan ƙugiyar ƙarfe, irin wanda ake saka maɓallin takalmi da shi a zamanin, sai ya juya maka fatar ido ya leƙa ciki. Amosanin ido yake nema, ciwon nan da ke sa cikin fatar ido ya yi ƙuraje, a kwana a tashi gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar har mutum ya makance. A dokarsu, mai wannan ciwo ba ya shiga ƙasar. Haka mai tarin fuka, haka mai ƙora a kai. Kamfanin jirgin da ya kawo shi ne zai mai da shi da kuɗinsa, kuma daga 1903 har tarar dala 100 ake cin kamfanin. Cikin mutum 100, kamar 2 ne ake komarwa. Kaɗan ne a baki. Amma ka lissafa 2 cikin 100 na miliyan 12, ka tuna kowane ɗaya ya sayar da gona ko dabba kafin ya sami kuɗin jirgi.

Wanda aka zana wa alli, aka tabbatar ba shi da lafiya, asibitin nan ake kai shi. An buɗe ɓangaren farko a 1902, shekara ɗaya kafin Turawa su shiga Kano. Na masu cututtuka masu yaɗuwa kuma ya fara aiki a 1911. A lokacin ganiyarsa gado kusan 750 ne a ciki.

Ƙasar da ginin ke kai ma ba asalin tsibirin ba ce. Da can wurin kimanin eka 3 ne. Aka yi ta zuba ƙasa da duwatsu a ruwa, har da ƙasar da aka haƙo wajen gina hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai da ya kai eka 27. Wannan ciko ne ya jawo rigimar iyaka tsakanin jihar Niyu Yok da maƙwabciyarta Niyu Jazi. Sai a 1998 kotun ƙoli ta raba gardama: asalin tsibirin na Niyu Yok ne, cikon kuwa, wanda shi ne mafi yawa, na Niyu Jazi. Layin ma ta cikin gini ya ratsa. Da ja-gora ta faɗi haka, sai ɗan'uwana ya yi dariya ya ce ai wannan garinsu ne, gida a ƙasa ɗaya, gona a wata.

To, muka sa hula muka shiga.

Abin da ya fara tarbar mu sanyi ne da warin danshi. Babu wuta, babu abin ɗumama ɗaki. Fenti ya ɓaɓɓako daga bango yana lanƙwashewa kamar busasshen ganye. Ja-gora ta ja mana kunne kada mu taɓa, domin tsohon fenti akwai dalma a ciki, guba ce. Kada kuma kowa ya bar ayari ya leƙa ɗakin da aka tare, daɓen wasu wuraren ba ya ɗaukar mutum.

Ɗakin wanki muka fara gani. Manyan injuna ne na ƙarfe, sun yi tsatsa, suna nan inda aka bar su. A yini ɗaya akan wanke kaya kimanin 3,000. Gaba kaɗan akwai wata tukunyar ƙarfe da mutum zai iya shiga ciki, a nan ake tura katifa sukutum a turara ta da tururi mai zafi don kashe ƙwayar cuta. Sai ɗakin gawa, da akwatunan sanyi guda 8 a jikin bango, da kujerun bene inda likitoci kan zauna suna koyon aiki. A nan surutu ya ɗauke. Fiye da mutum 3,500 ne suka rasu a tsibirin, da yawansu yara, ƙyanda da mashaƙo da makamantansu suka ɗauke su. An kuma haifi jarirai kimanin 350.

Ginin kansa akwai hikima a ciki, kuma hikimar da kuka sani ce. In ciwon huhu ya shiga garke, me kuke yi? Ware marar lafiya kuke, a kai ta gefe, kada ta sha ruwa inda sauran ke sha. Haka aka tsara wurin nan. Doguwar baranda ce rufaffiya, ɗakunan jinya suna fita daga jikinta hagu da dama, ba sa kallon juna. Masu ƙyanda daban, masu tari daban. Kowane ɗaki tagogi ne manya a gefe uku, don rana da iska su ratsa, tunda a lokacin ba a gano magungunan kashe ƙwayar cuta da muke sha yau ba. Kusurwar bango ma ba a yi ta da kaifi ba, an lanƙwasa ta don kada ƙura ta maƙale. A ɗakin masu tarin fuka na ga wurin wanke hannu guda biyu a jere, ɗaya sama da ɗaya. Na tambaya. Aka ce ɗaya na tofar da majina ne, ɗaya na wanke fuska, don kada su haɗu.

A wannan ɓangaren ne na tsaya har aka kusa barina. Ɗaki ne ƙarami, na waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Ka leƙa ta taga, ga mutum-mutumin nan mai fitila tsaye a kan ruwa, kusa ƙwarai. Wato mutum ya baro garinsu, ya yi mako ɗaya ko biyu a ƙasan jirgi, ya iso har yana hangen ƙofa, sai aka ce ya kwanta a nan. Matarsa da 'ya'yansa wataƙila suna ɗaya ginin suna jira, ko sun riga sun shiga gari. Maganin amosanin ido a lokacin shi ne a goge cikin fatar ido da wani shuɗin dutse mai raɗaɗi, a yi ta yi wata da watanni, kuma dangi ne ke biyan kuɗin gado. In ƙaramin yaro ne aka ce a mayar, dole babba ɗaya ya bi shi. Sai iyali su zauna su yanke: uwa ce za ta koma, ko uba?

Kakata ta wajen uwa na tuna. Ina yaro nakan ga tana zaune a bakin bukka da ɗan hantsaki a rataye a wuya, tana sa a cire mata gashin ido ɗaya bayan ɗaya. In an cire ta sami sauƙi kwana kaɗan, ya sake tsirowa. Haka har ganinta ya tafi. Mu a lokacin tsufa muka ɗauka. A tsaye a ɗakin nan na gane cewa da ita ce ta hau matakalar can, da alli za a zana mata. Kuma ko hotonta ɗaya ba mu da shi.

Wannan ya kawo mu zancen hoto, domin da kyamara na shiga.

Hoto yana cikin abin da ya ceci ginin nan. An rufe asibitin a 1951, aka rufe tsibirin gaba ɗaya a watan Nuwamba 1954. Tun daga 1924 ma aiki ya ragu, saboda sabuwar doka ta taƙaita yawan masu shiga, aka koma tantance mutane tun a ƙasashensu. Bayan rufewa sai tagogi suka farfashe, itatuwa suka tsiro a tsakar ɗaki. Wani mai ɗaukar hoto, Stephen Wilkes, ya yi shekara 5 yana zuwa, daga 1998 zuwa 2003, yana ɗaukar ɗakunan yadda suke. Hotunansa sun taimaka wajen jawo hankalin jama'a da hukuma har aka sami kuɗin toshe rufi da tagogi. Ba gyara aka yi ba, an dai tsayar da lalacewar.

Tun kafin shi akwai wani akawu a tashar, Augustus Sherman, wanda kan roƙi baƙi su tsaya ya ɗauke su da kayan garinsu. Cikin hotunansa akwai makiyayan tumaki daga Romaniya, sanye da rigar fata. Na daɗe ina kallon irin tsayuwarsu. Duk wanda ya san makiyayi zai gane ta, tsayuwar mutumin da ya saba yini a kan ƙafa yana duban nesa. A 2014 wani mai zane ɗan Faransa da ake kira JR ya ɗauko tsofaffin hotunan tsibirin, ya faɗaɗa su, ya manna a bango da tagogi da ƙofofin asibitin. Sai ka juya kwana ka yi kiciɓis da yara masu ɗaurin kai suna kallonka daga jikin fasasshen gilashi. Ɗan'uwana har baya ya ja ya yi a'uziyya.

Ga ɗan abin da na koya, ko da waya kake ɗauka. Goge gilashin tukuna, aljihun ɗan kasuwa ba ya rabo da ƙura. Kashe fitilar wayar, domin tana kashe kyan wuri. Tsaya yadda hasken taga zai zo daga gefenka, kada ka fuskance shi, in ba haka ba ɗakin zai fito baƙi ƙirin. In wurin da duhu, manne gwiwar hannu a jiki, riƙe numfashi, sannan ka danna. Kada ka tsaya kan faɗin ɗaki kawai. Matsa kusa da abu ɗaya, mariƙin ƙofa, ko kujerar da aka bari a tsakar ɗaki, shi ne zai ba da labari. Sanyi na shanye batir, ka cika shi tun daga gida. Ayari kuma ba ya jiran mai hoto. Ni na tsaya gyara tsayuwa a ɗakin da na gaya muku, na ɗauka sau uku hannu na rawa, duka suka fito dishi-dishi. Wanda ɗan'uwana ya ɗauka sau ɗaya da tsohuwar wayarsa shi ne mai kyau. Har yau yana yi mini gori.

Sai dai ku ji wannan da kyau. Can an ba mu izini ne. A nan gida, kada wanda ya ji wannan shiri ya je ya ɗaga waya a shingen kwastan, ko duwan kamar yadda 'yan'uwa na ƙetare ke cewa, ko wajen soja da jandarma, ko kan gada. Za ka rasa wayar, wataƙila ka kwana a inda ba ka shirya ba. Tsohon gini ma sai ka nemi mai unguwa ko mai gadi. Mutum kuwa, ko tsoho ko mace ko yaro, tambaye shi kafin ka ɗauka.

Da muka fito muka miƙa huluna, muna jiran jirgi, sai ɗan'uwana ya ce wani abu da ya tsaya mini. Ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, wurin nan asibiti ne ko kurkuku? Na ce duka biyun. An tsare mutane ba da sonsu ba, an raba iyali, an fifita mai kuɗi. Amma kuma an ba baƙon da ba shi da kowa gado da abinci da likita, kuma mafi yawan waɗanda suka kwanta sun warke sun shiga ƙasar. Ya yi shiru, sannan ya ce shi da ya taɓa kwana uku da zazzaɓi a wata tashar mota a kan iyaka, ko ruwa babu wanda ya miƙa masa sai wata mai tuwo. Na ce to ka ga, mu namu asibitin bakin iyakar sau da yawa mai tuwo ce da mai masauki. Allah Ya saka musu.

Saura abu uku in bar ku da su.

Na farko, ido. Ciwon da ya sa aka mai da dubban mutane daga bakin ƙofar Amurka, yau yana da magani. Akwai ƙwayar da ma'aikatan lafiya ke rabawa gari-gari, akwai ɗan ƙaramin aiki da ake yi wa fatar ido in gashi ya juya. Wanke fuskar yara da rage ƙuda a gida suna hana shi yaɗuwa. Gana ta rabu da shi a matsayin annoba a 2018, Mali da Benin a 2023. In akwai tsohuwa a rugarku da ke yawo da hantsaki, a kai ta asibiti tun da sauran gani.

Na biyu, takarda. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, na san akwai inda ake sayar da shi ba tare da allura ba. Wanda ya saya ya yi irin wayon mai goge alli ne: ya wuce shinge, amma sauro bai iya karatu ba. Haka takardar rigakafin dabbobi. A yi allurar gaske wajen malamin dabbobi, domin garken da ka ratsa da shi da ciwo, a mashaya ɗaya zai sha da na ɗan'uwanka.

Na uku, hoto. Kusan kowa yanzu da waya a aljihu. Kafin ka ɗauki sabon babur, ɗauki tsohonka yana zaune, ka tambaye shi burtalin da suka bi a da, da sunan rijiyoyin da suka sha. A garuruwanmu akwai tsofaffin ɗakunan shan magani, da zangon fatake, da tashoshin jirgin ƙasa da aka daina amfani da su. Damina kaɗan ce tsakaninsu da zama tudu. Ku nemi izini ku ɗauka, ku tambayi dattawa wa ya gina, wa ya yi aiki a ciki, ku adana. Wanda ya samu, ya aiko mana ta hannun wakilinmu na kasuwar da ta fi kusa da shi, za mu karanta labarin a shiri.

Nan zan dasa aya. Masu tashi da asuba da garke, Allah Ya tsare ku da dukiyarku. Masu lodi, Allah Ya kawo kasuwa, Ya sa a wuce shinge lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.